Yadda za ku ƙirga fayiloli a cikin folda daga Terminal

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu amfani da Linux, galibi `ls | wc -l` ake bugawa a Terminal (wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni) in ana son sanin yawan fayiloli. Yana aiki, amma ku sani layuka yake ƙirgawa, ba fayiloli ba. Foldojin da ke ciki ma sai ya haɗa da su, su kuwa ɓoyayyun fayiloli masu farawa da ɗigo, irin `.bashrc`, ko kallonsu ba ya yi sai an ƙara `-A` bayan `ls`. Kada kuma ku sa `ls -l`, domin layin "total" da ke sama zai ƙara muku ɗaya a lissafi.

Ni dai na fi natsuwa da wannan:

`find . -maxdepth 1 -type f | wc -l`

Ɗigon `.` na nufin foldar da kuke ciki, shi kuma `-type f` fayiloli zalla yake ɗauka, har da ɓoyayyun. In kuna son ya leƙa cikin ƙananan foldoji gaba ɗaya, ku cire `-maxdepth 1` kawai. Hotunan JPG kaɗai ake nema? Sai a ƙara `-iname "*.jpg"` bayan `-type f`, zai kama JPG da jpg duka. In ya fara kukan "Permission denied", ku sa `2>/dev/null` kafin sandar `|`, sai dai foldojin da aka hana shi shiga ba sa cikin adadin.