Kana da cibiyar koyar da sana'a? Ga yadda zaka shiga harkar koyo a wurin aiki

Shekarun nan duk inda ka juya maganar koyon sana'a a wurin aiki ake yi, gwamnatoci na zuba kuɗi, kamfanoni na kukan babu ƙwararru, matasa kuma sun gaji da riƙe takardar da bata kawo aiki. Masu cibiyoyin horaswa da yawa in sun ji sai su ce ai mu dama abin da muke yi kenan. A'a malam, ba shi bane. Kwas ɗin wata uku da yaro zai biya kuɗi ya zo ya zauna a aji ka koya masa ka bashi satifiket ya tafi, wannan daban ne. Wanda nake magana a kai, ɗan koyon ma'aikaci ne, yana da oga, yana da yarjejeniya a rubuce, ana biyansa wani abu duk wata, mafi yawan lokacinsa a wurin aiki yake, kai kuma kwana ɗaya ko biyu a sati yake zuwa wurinka ya koyi abin da oga bashi da lokacin tsayawa ya yi masa bayani.

Kuma harkar girma take yi da gaske. A Jamus tun 1969 suke da dokar da ta tsara ta, sana'o'i sama da 300 ne aka amince da su, koyo na ɗaukar shekara 2 zuwa 3 da rabi. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa wannan hanyar suke bi bayan sun gama karatun dole. Ingila ta sa wa manyan kamfanoni haraji a 2017, duk wanda jimillar albashin ma'aikatansa ta wuce fam miliyan 3 a shekara zai biya kashi 0.5 cikin 100, kuma da kuɗin ake biyan masu horaswa. Faransa ce ma ta fi bani mamaki, a 2018 suka gyara doka suka sauƙaƙa buɗe cibiyoyi, sabbin kwantiragin koyo suka tashi daga kusan 300,000 a shekara zuwa sama da 800,000 a 2022. Ita ma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, a 2023 ta fitar da shawara mai lamba 208 a kan ingancin irin wannan koyo. To kaga ƙofa a buɗe take, saura yadda za a shiga.

Abu na farko, kuma shi ne wanda yawancinmu muke kuskurewa, ka fara neman masu ɗaukar aiki kafin ka nemi ɗalibai. Ni kaina na faɗa wannan ramin. Lokacin da muka fara sai da muka kashe kuɗi muka sayo injina, muka yi wa aji fenti, muka buga talla, yara suka cika fom, sannan muka fita neman inda za mu tura su. Wallahi kunya muka sha, domin kamfanin farko da muka shiga manajan ya karɓi manhajarmu ya duba shafi biyu ya ture ta gefe ya ce wannan injin da kuke koyarwa a kai mun daina amfani da irinsa tun tuni. Babu abin da zan ce. A wannan harkar in babu oga babu ɗan koyo, saboda haka kwastomanka na gaskiya shi ne mai ɗaukar aikin, yaron yana biyo baya.

In ka je wurinsu kada ka tafi da dogon jawabin taimakon matasa, kowa ya ji wannan ya gaji. Tambaye su wane aiki ne suka daɗe suna neman mai yi basu samu ba, wane ƙwararre ne ya kusa ritaya babu magaji, sabon ma'aikaci wata nawa yake ɗauka kafin a iya barinsa shi kaɗai da aiki. Ka rubuta amsar da bakinsu. Abin da mai kamfani yake so ya ji shi ne yaushe kwalliya zata biya kuɗin sabulu, kuma gaskiyar da zaka faɗa masa ita ce a shekarar farko ɗan koyo asara ne kusan, yana cin lokacin babban ma'aikaci yana ɓata kaya, amma daga baya yakan fara yin aikin ƙwararre a kan kuɗin da bai kai na ƙwararre ba, sannan in ya gama ka samu mutumin da ya san injinka da halinka ba sai ka je ɗauko baƙo ba. Kada ka ɓoye masa shekarar farkon nan, in ka ɓoye a wata na huɗu zai kira ka yana faɗa.

Daga nan sai manhaja. Ka zauna da babban ma'aikacin da yake yin aikin da hannunsa, ba manaja ba, ku jero duk abin da ɗan koyo ya kamata ya iya, sannan ku raba, wannan a wurin aiki za a koya, wannan a aji. Misali mai koyon wayarin, jan waya da ɗaura soket da fasa bango duk a wurin aiki zai gani har ya gaji, amma lissafin kaurin wayar da zata ɗauki lodi, da karanta zane, da dalilin da yasa ake sa wayar ƙasa, da ƙa'idar kashe wuta a tabbatar ta mutu kafin a taɓa, waɗannan naka ne. Kuma ka jera darasinka ya bi sawun abin da yake yi a wurin aiki, ba wai yana can yana haɗa sola kai kana nan kana koya masa tarihin lantarki ba. In ƙasarka tana da ma'aunin sana'a na hukuma to dole ka ɗora manhajarka a kansa, in ba haka ba satifiket ɗinka takarda ce kawai. Yawan awannin aji ma akwai ƙa'ida, a Amurka tsarin da aka yi wa rajista yakan nemi awa 2,000 na aiki da kusan awa 144 na darasi a shekara, kowace ƙasa da nata.

Maganar kuɗi kuwa, kafin ka ɗauki malami ko ɗaya ka san wa zai biya ka kuma yaushe. Wani wurin gwamnati ce, wani wurin asusun harajin horaswa, wani wurin kamfanin ne kai tsaye, sau da yawa haɗaka ake yi. Kusan ko'ina sai kayi rajista da hukuma an zo an duba wurinka da takardun malamanka kafin a baka ko sisi, kuma rajistar nan tana cin watanni, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da yake karya ƙananan cibiyoyi ba rashin ɗalibai bane, jinkirin biya ne. A Ingila misali ana riƙe kashi 20 cikin 100 na kuɗin horaswa sai ɗan koyo ya kammala, kenan duk yaron da ya gudu a tsakiya da kuɗinka ya gudu. Ka lissafa albashin malamai na aƙalla wata uku zuwa shida ka ajiye gefe.

Yarjejeniya ta zama ta mutum uku, kai da oga da ɗan koyo, in bai kai shekarun girma ba har da mahaifi ko waliyyi. A rubuta tsawon koyo, awannin aiki, nawa za a biya shi da yadda zai ƙaru, ranakun da dole a sake shi ya zo aji, wa zai sayi kayan kariya, wa ke da alhakin magani in ya ji ciwo, da yadda za a rabu in zama ya ƙi. Ranar ajin nan ka ja layi a ƙarƙashinta sau biyu, domin ranar da aiki ya yi yawa abu na farko da oga zai ce shi ne yau dai kada ka je makaranta.

Yanzu ga inda ainihin aikinka yake, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. Wanda ya iya sana'a ba lallai ya iya koyar da ita ba. Akwai gwanin walda da in ka tambaye shi yadda yake yi sai ya ce kai dai ka kalla kawai. Shi yasa a Jamus wanda zai kula da ɗan koyo a kamfani sai ya ci jarrabawar iya koyarwa tukuna. Kai ma ka shirya wa waɗannan ogannin ɗan gajeren horo, ko na kwana biyu ne, yadda ake nuna aiki a hankali, yadda ake barin yaro ya gwada ya yi kuskure, yadda ake gyara masa ba tare da an ci mutuncinsa a gaban mutane ba. Wannan ma kansa wata hanyar samun kuɗi ce ga cibiya.

Sannan ka dinga zuwa da ƙafarka. Kowane ɗan koyo ya riƙe littafin aiki, yana rubuta abin da ya yi kullum oga yana sa hannu, amma kada ka yarda da littafi kaɗai, gani ya kori ji. Na taɓa kai ziyara wani garejin gyaran mota ba tare da na sanar ba, littafin yaronmu cike yake tsaf, an canza birki, an sauke giya, an duba injin. Da na shiga sai na same shi a bayan gareji da bokiti yana wanke sassa a cikin fetur, hannunsa duk ya yi fari ya tsage. Na ce ɗauko min sifana mai lamba 13, ya tsaya yana jujjuya akwati. Ashe wata uku kenan wanki da shara da aike kawai yake yi, abin da yake rubutawa abin da ya ga wasu suna yi ne. Ban yi faɗa da ogan ba, zama muka yi na nuna masa jerin da shi da kansa ya sa wa hannu, muka amince duk sati akwai aiki biyu da yaron zai yi da hannunsa. Da ban je ba da yaron nan ya bari, kuma da an ce shi ne malalaci.

Watannin farko su ne masu haɗari, a nan aka fi guduwa, ko Jamus ɗin da ake yabo sama da kashi ɗaya cikin huɗu na kwantiragin koyo ana warware su kafin lokaci, duk da cewa wasu wurin wani oga suke komawa. Dalilan kuma ba manya bane yawanci, kuɗin mota, nisa, rashin jituwa da wani babba a wurin, ko yaro ya zaɓi sana'ar da bai san yadda take ba. Ka bari ya yi gwajin sati ɗaya ko biyu kafin a sa hannu, ka kira shi a waya duk sati a wata ukun farko, kuma ka tanadi wani ogan da zaka mayar da shi in wannan ya ƙi.

Inda nake ganin dama ta fi yawa kuma ba a cika kallo ba shi ne ƙananan masu sana'a. Babban kamfani yana da sashen horaswa nasa, ba lallai ya buƙace ka ba. Amma mai ma'aikata biyar yana son ɗan koyo, takardun ne suke bashi tsoro, kuma aikinsa bai da faɗin da zai koyar da komai. A Ostareliya akwai ƙungiyoyin da su ne suke ɗaukar ɗan koyon aiki a hukumance, su biya shi, sannan su dinga juya shi tsakanin ƙananan kamfanoni, wata shida nan wata shida can, har ya zagaye sana'ar. Cibiyarka zata iya yin irin wannan, ka ɗauke musu wahalar takarda su kuma su biya ka ladan hidima. Haka kuma kada ka tsaya kan samari 'yan shekara 18 kawai, akwai manya da suka shekara goma suna aiki babu takarda, a auna abin da suka iya a cike musu giɓi a basu shaida, akwai mata da suke son shiga lantarki da gyaran waya in an samu wurin aikin da zasu natsu, ga kuma sababbin fannoni irin sola, motoci masu amfani da batir, kula da tsofaffi da marasa lafiya, da harkar kwamfuta.

Jarrabawar ƙarshe in da hali kada kai kaɗai ka yi ta. Ka kawo wani daga waje, hukuma ko ƙungiyar masu sana'ar, ya ba yaro aiki na gaske ya tsaya yana kallo, a Jamus majalisun 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu ne suke shirya ta, shi yasa takardar take da daraja a ko'ina cikin ƙasar. Rukunin farko kuma kada ka wuce sana'a ɗaya da yara goma zuwa sha biyar da oganni uku ko huɗu da ka san kamun ludayinsu, ka ajiye rajistar zuwa aji da rahoton kowace ziyara da kwanan wata, domin ranar da masu bincike zasu zo ita zasu fara tambaya, sannan wata shida bayan an yaye su ka kira kowa ɗaya bayan ɗaya ka ji yana ina, adadin waɗanda suke kan aiki shi zaka ɗauka ka kai wa kamfani na gaba.