Ga mai shirin zuwa taron masu jiragen ruwa na shaƙatawa

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda zai halarci irin wannan taro, ya kama wurin ɗaure jirginsa tun da wuri, don wuraren kan cika kafin ranar.

Kada ka ce sai ka shiga kowace lacca. Zaɓi wadda za ka taɓa abu da hannunka, kamar canza tacen mai na inji ko koyon kira da rediyon VHF, wato rediyon da jiragen ruwa ke magana da juna da shi. Tasha ta 16 ta neman agaji ce da kiran farko, ba ta hira ba; da an amsa maka sai ku koma wata. A laccar jefa anka kuma, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don ya riƙe jirgi, ka tambayi tsawon igiyar da ya dace da jirginka. Galibi ana sakin ninki biyar zuwa bakwai na zurfin ruwan.

Amma ni a ganina, ilimin ya fi yawa a hirar yamma a bakin ruwa. Nemi mai inji irin naka, ka gaishe shi, ka roƙe shi ya buɗe maka ka gani. Zai nuna maka bel ɗin da ke saurin tsinkewa da inda ruwa ke ɗiga.

Abin da ya fi damuna shi ne dare, lokacin da aka ɗaure jirage gefe da gefe. Hayaƙin janaretan maƙwabci yana iya shiga ɗakin kwananka, kuma iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ko launi, kisa take yi. Don Allah a saka na'urar gano ta, a gwada batirinta kafin a kama hanya. Yara kuma kada su taka bakin ruwa ba rigar ceto.