Yadda Ake Fentin Ɗan Sojan Ingila na Yaƙin Watalu (Waterloo)

Ɗan mutum-mutumin nan tsawonsa milimita 28 ne kacal, don haka aikin sai da natsuwa. Da farko ka sa reza ka kankare layin da ƙira ta bari a kafaɗa da hula, ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu maiƙo ya fita. Bari ya bushe sarai.

Manna ƙafafunsa a kan marfin kwalba ka samu mariƙi, sannan ka fesa farin fenti siriri a matsayin shimfiɗa. Farin nan ne ke fito da jan rigar.

Sojan ƙasa na Ingila a 1815, shekarar da aka gwabza yaƙin Watalu da Napoleon na Faransa, jar riga yake sawa, da wando ruwan toka da doguwar baƙar hula. Tsarma fentin da ɗigon ruwa, ka shafa sau biyu. Na taɓa lafta shi da kauri, maɓallan rigar duk suka nutse, har yau abin yana min ciwo.

Daga nan sai tsinkakken fenti mai duhu, ya gangara cikin lungunan tufafi. In ya bushe, ɗauki burushi mai tsini ka ja fararen maɗauran da suka gitta ƙirji, kana riƙe da numfashinka.