Yadda na sa mai gida ya gyara na'urar ɗumama ɗaki

Mako uku na yi ina kiran mai gidan da nake haya bayan na'urar ɗumama ɗaki ta lalace ana tsakiyar sanyi, kullum amsarsa ɗaya, wai mai gyara yana tafe. Kuskurena shi ne dogaro da maganar baka, wadda ba ta barin shaida. Sai na ɗauki hoton na'urar da danshin da ya fara baƙanta bango, na rubuta masa takarda mai kwanan wata, na ambaci sharaɗin yarjejeniyarmu da ya ɗora masa gyara, na ba shi wa'adin kwana 7 kafin in kai ƙara hukuma. Ban riƙe kuɗin haya ba, domin hakan yana iya ba shi hujjar korata. Rana ta huɗu mai gyara ya ƙwanƙwasa ƙofa.