Shawara kan fatsa mai naɗe zarenta da kanta

Ƴan uwa masu shiga tafkin Madarunfa da kwale-kwale, ga shawara kan manaɗi mai sifirin, wato abin da ke jikin sandar fatsa yana naɗe zare da kansa. Janyo zare shi ke ɗaure sifirin, ka taɓa ɗan hannun manaɗin da ƙaramin yatsa sai ya tattara zaren. A jirgi ya yi daɗi, don ɗayan hannun yana kan filafili, zare kuma ba ya cukurkuɗewa a ƙafafunka.

Amma ku riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan. Ka danne gaba ɗaya, ƙugiya ta taho a guje ta bugi bakin sanda. Karfasa ba matsala. Babbar tarwaɗa kuwa, da hannu za ka ja ta, manaɗi ya kwashe rarar zare kawai. Yana da nauyi, ku ɗaure sandar da igiya a jikin jirgi. In kun tashi, ku sassauta sifirin, ku wanke yashi.