Yadda Za Ka Tantance Maganar Da Ake Neman Shawo Kanka Da Ita

Duk wanda ya taɓa sauraron jawabi ya ji ya gamsu, sa'an nan bayan kwana biyu aka tambaye shi hujjar da ta gamsar da shi ya rasa abin faɗi, ya san cewa magana tana iya shigewa zuciyar mutum ta bar hankalinsa a bakin ƙofa. Wannan yana samun mai ilimi kamar yadda yake samun wanda bai yi karatu ba, domin mai neman shawo kan jama'a, ko ɗan siyasa ne, ko mai talla, ko shugaban ma'aikata, ya riga ya zauna ya zaɓi kalmominsa tun kafin ya buɗe baki, alhali mai sauraro yana karɓar su ne a tsaye, cikin gaggawa. Abin da zan koya maka a nan aiki ne guda ɗaya, wato ka ɗauki maganar da aka gaya maka, ka sake faɗin ta da kalmominka na yau da kullum, sa'an nan ka duba ko sauran ƙarfin da ya rage mata ya isa ya sa ka yarda.

Ka fara da samun ainihin kalmomin a rubuce. Idan jawabi ne na baka, ka sake sauraron sa, ka rubuta jimloli biyu ko uku waɗanda buƙatar mai magana ta dogara a kansu, domin murya mai daɗi da saurin furuci da tafin jama'a duk suna faɗuwa da zarar magana ta koma kan takarda.

Da ka samu jimlolin, tambaya ta farko ita ce wa ya aikata. Hausa tana da hanya mai sauƙi ta ɓoye mai aiki, wato ƙananan kalmomin nan "an", "aka", "ana" da "za a", kuma tana da fi'ilai irin su "ya faru", "ta auku", "sun salwanta", waɗanda suke nuna kamar abu ya yi kansa ne da kansa. Ka dubi wannan jimla, irin wadda ake liƙawa a allon sanarwa: "Sakamakon wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu, an samu jinkiri wajen biyan haƙƙoƙin ma'aikata, kuma ana ɗaukar matakan da suka dace." Idan ka bi ta kalma bayan kalma za ka tarar babu mutum ko ɗaya a cikinta in ban da ma'aikatan da ba a biya ba. Jinkirin "samun" sa aka yi, kamar abin da aka tsinta a hanya. Dalilan ba su da suna, matakan ba su da rana, kuma wuri ɗaya tak da masu sanarwar suka ambaci kansu shi ne wurin da suka ce abin ya fi ƙarfinsu. Sai ka mayar da mai aiki gurbinsa ka ce: "Mu, masu biyan albashi, ba mu biya ku ba, ba mu faɗi dalili ba, ba mu kuma sa rana ba." Labarin bai canza ba ko kaɗan, amma yanzu ka san wanda za ka je ka tambaya.

Kada ka ɗauka duk mai cewa "an yi" mayaudari ne, domin sau da yawa ana faɗin haka don ba a san wanda ya yi ba, ko don a rufa wa wani asiri, kuma wannan kyakkyawan hali ne. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in duba ko mai maganar yana bin hanya ɗaya a alheri da akasinsa. Wanda yake cewa "mun gina", "mun kawo", "mun biya" idan abin yabo ne, sa'an nan ya koma "an samu matsala" idan abin zargi ne, ya nuna maka cewa ya san amfanin bambancin, kuma da gangan yake yi.

Bayan mai aiki sai sunan da aka laƙaba wa abin da ake magana a kansa, kuma a nan ne masu iko suka fi zuba ƙarfinsu, saboda wanda ya riga ya raɗa wa abu suna ya ci rabin gardama tun ba a fara ba. Faransa ta yi yaƙi a Aljeriya daga 1954 zuwa 1962, amma a hukumance ta ci gaba da kiran abin "ayyukan tabbatar da doka da oda" har zuwa watan Oktoba na 1999, lokacin da aka yi dokar da ta amince da kalmar "yaƙi", shekara 37 bayan an ajiye makamai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: idan yaƙi ne, to akwai ɓangarori biyu da al'ummar da ke neman 'yancinta, idan kuwa tabbatar da doka ne, to hukuma ce kawai da masu laifi. A 2022 gwamnatin Rasha ta kira mamayar Yukren "aikin soja na musamman", kuma a watan Maris na 2022 ɗin ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da hukuma ta ɗauka labarin ƙarya ne game da sojojinta. Abin da za ka yi idan ka gamu da irin wannan suna shi ne ka nemi sunan da ɗaya ɓangaren yake amfani da shi, ka ajiye su gefe da gefe, sa'an nan ka samar da na uku da kanka, wanda zai bayyana abin da ido zai gani kawai: su wane ne suka je ina, ɗauke da me, suka yi wa wane ne me. Da na ukun nan za ka yi tunani.

Kalma ɗaya ma tana iya sauya abin da mutum ya tuna ya gani da idonsa. A 1974 masu bincike biyu a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai hotunan bidiyo na hatsarin mota, suka tambaye su saurin da motocin suke yi. Waɗanda aka tambaya da fi'ilin da ke nufin motocin sun ragargaji juna sun ƙiyasta mil 40.8 a sa'a, waɗanda aka tambaya da fi'ilin da ke nufin sun taɓa juna kuwa sun ce mil 31.8, alhali hoton ɗaya ne. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambayi ɗalibai ko sun ga fasasshen gilashi, sai 16 cikin 50 na waɗanda aka gaya wa kalmar ragargazawa suka ce sun gani, bakwai kacal cikin 50 na waɗanda aka gaya wa kalma mai sauƙi suka ce haka, kuma babu gilashin da ya fashe a hoton. Saboda haka ka yi hattara da tambayar da ta zo da amsarta a ciki. Idan aka ce maka "Har yaushe za mu ci gaba da barin su suna cutar mu?", kafin ka fara lissafin yaushe, ka tsaya ka tambaya ko an tabbatar da cutarwar, domin tambayar ta shigo da ita ta bayan gida ba tare da hujja ba.

Alƙaluma kuma sai ka juya su. Amos Tversky da Daniel Kahneman sun wallafa wani gwaji a 1981 inda aka ce wa mutane wata cuta za ta kashe mutum 600, aka ba su zaɓi tsakanin shiri mai tabbas da shiri na kasada. Da aka ce shirin mai tabbas zai ceci mutum 200, kashi 72 cikin ɗari suka zaɓe shi. Da aka ce wa wani rukunin mutum 400 za su mutu a ƙarƙashinsa, kashi 22 kawai suka zaɓe shi, alhali ceton 200 cikin 600 da mutuwar 400 cikin 600 abu ɗaya ne. Don haka duk sa'ad da aka ce maka kashi 90 cikin ɗari sun ci nasara, ka faɗa wa kanka cewa mutum ɗaya cikin kowane goma bai ci ba, ka ji ko ra'ayinka ya motsa. Ka kuma tambayi yawan mutanen da aka ƙirga, domin "ya ninka sau biyu" yana iya zama daga mutum biyu zuwa huɗu.

Wurin da ya fi bukatar ka natsu shi ne inda "mu" da "su" suka shigo. Kowace al'umma tana sanin kanta ne ta hanyar harshenta, kuma babu laifi mutum ya ji daɗi idan aka yi masa magana da karin harshen gidansu, amma mai wayo ya san wannan daɗin, shi ya sa yakan ce "mu talakawa" ko "mu masu kishin ƙasa" don ka shiga inuwa ɗaya da shi tun kafin ka ji abin da yake so. Ka tambayi kanka wa wannan "mu" ta ƙunsa, wa ta bari a waje, kuma ko mai maganar zai ɗanɗana sakamakon abin da yake kira a yi daidai da yadda za ka ɗanɗana. Sa'an nan ka saurari kwatancen da ake yi wa "su". A 2011 Paul Thibodeau da Lera Boroditsky na Jami'ar Stanford sun ba mutane rahoto ɗaya kan aikata laifuka a wani gari, sai dai a wajen wasu an kwatanta laifi da dabbar daji mai farauta, a wajen wasu kuma da ƙwayar cuta. Na farko sun fi karkata ga kamu da ɗauri, na biyu sun fi karkata ga binciken tushe da gyaran rayuwar jama'a, kuma da aka tambaye su abin da ya rinjaye su, mafi yawansu alƙaluman rahoton suka nuna, kaɗan ne suka ambaci kwatancen. Kwatance yakan zo da maganinsa a hannu, domin abin da aka kira dabba farautar sa ake yi. Wannan ne ya sa nake ganin babu sassauci idan aka fara kiran mutane da sunan ƙwari ko cuta ko ƙazanta. A Ruwanda gidan rediyon RTLM ya daɗe yana kiran 'yan Tutsi "inyenzi", wato kyankyasai, kuma a 1994 aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari; a watan Disamba na 2003 kotun ƙasa da ƙasa da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya ta sami Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan rediyon, da laifin tunzura jama'a ga kisan ƙare dangi. Idan ka ji irin wannan suna, ka cire shi ka sa "mutane, har da mata da yara" a gurbinsa, ka sake karanta jimlar da ƙarfi.

Akwai kuma son zuciyar da ke kunnenka kai kanka. A 1960 Wallace Lambert da abokan aikinsa a birnin Montreal na Kanada sun sa mutane masu jin harsuna biyu su karanta rubutu ɗaya da Ingilishi da kuma Faransanci, suka kunna wa masu sauraro muryoyin ba tare da sun gaya musu cewa mutanen ɗaya ba ne. Masu sauraron sun fifita muryoyin Ingilishi a halaye da dama, ciki har da basira, kuma abin da ya fi taɓa zuciya shi ne hatta masu jin Faransanci sun fifita muryar Ingilishi a kan ta harshensu. Harshen da ke riƙe da mulki da dukiya yakan ara wa mai magana da shi kwarjinin da bai yi aikin samu ba. Maganin wannan shi ne ka fassara maganar zuwa harshen da kake tunani da shi, domin jimlar da ta cika baki da manyan kalmomin aro takan zama fanko idan aka nemi a faɗe ta a sauƙaƙe. Ka yi akasin haka ma, wato idan wanda harshensa bai goge ba ya kawo ƙorafi, ka rubuta abin da ya ce tsaf, ka auna shi kamar daga bakin mai fasaha ya fito. Ka lura kuma da harshen da aka zaɓa aka rubuta doka ko yarjejeniya ko sanarwa da shi, da waɗanda zaɓin ya hana su fahimta, domin zaɓin harshe hukunci ne na iko. Ɗaliban Soweto a Afirka ta Kudu da suka fito a ranar 16 ga Yuni, 1976, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, sun fito ne don ƙin umarnin da ya tilasta a koyar da su wasu darussa da harshen Afirkans, harshen masu mulkin wariyar launin fata na lokacin.

Maimaici ba ya bukatar dogon bayani. Tun 1977 Lynn Hasher da abokan aikinta suka nuna cewa mutane sun fi gaskata maganar da suka taɓa ji a baya, ko gaskiya ce ko ƙarya. Idan ka ji "ai kowa ya sani" ko "an daɗe ana faɗa", ka bi sawun maganar zuwa bakin da ta fara fita, domin mutum ashirin da suka ji daga mutum ɗaya shaida ɗaya ce. Ka kula da "wai" kuma, wadda take ba mutum damar yaɗa zargi yana mai tsame kansa daga ciki.

Idan ka gama, za ka samu jimloli biyu a gabanka, ta mai magana da taka. Mafi wuya shi ne ka yi wannan aikin a kan wanda kake ƙauna da ɓangaren da kake goyon baya, domin a nan ne hannu yakan yi sanyi, kuma ina ba ka shawarar ka fara da su, tun da maganar abokin hamayya dama ba ta shige ka da sauƙi. Wani lokaci za ka tarar jimlarka ta tsaya da ƙafafunta, mai aiki a bayyane, suna daidai da abin da ya faru, alƙaluma ba su sauya ba ko ta wane gefe ka juya su, kuma a nan sai ka yarda da zuciya ɗaya. Wani lokaci kuma za ka tarar da giɓi, kuma kowane giɓi tambaya ce da za ka mayar wa mai maganar cikin ladabi. Ga masu sanarwar jinkirin nan da muka duba tun farko, tambayoyin uku ne: wane ne ya yanke shawarar a dakatar da biyan, mene ne dalilin da sunansa, kuma a wace rana ce za a biya.