Kan sarkin tunawa da zuwan waya: inda masu zane suke tuntuɓe

Wanda ya saba zana fostar biki ko allon shago a Sakkwato, idan aka ce ya gwada zana kan sarki na cikar wayar salula shekara 25 a Najeriya, yawanci fostar yake zanawa sannan ya ƙanƙance ta. Kan sarki kuwa faɗinsa bai cika wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Sai ka ga an cusa masa turken sabis, da taswirar ƙasa, da tuta, da hannaye suna musafaha, da ƙofar fadar Sarkin Musulmi, duk a wuri ɗaya. A fuskar kwamfuta abin gwanin sha'awa, don an buɗe shi ya cika allo. Buga shi daidai girmansa, ka yanke da almakashi, ka manna a kusurwar ambulan, ka miƙa wa wani dattijo a bakin masallaci. In ya nisanta ambulan ɗin daga idonsa, ya dawo da ita kusa, ya ce "Mi kaz zana nan, ɗana?", to koma ka rage kaya.

Abu ɗaya ya isa. A ganina mutum ya fi ƙarfe jan ido: mai fataucin albasa tsaye gefen buhunansa, waya a kunne, yana jin farashin Legas kafin ya yi lodi. Duk wanda ya san kasuwa ya gane abin da waya ta canza ba tare da an rubuta masa ba.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne na tarihi, domin kan sarki in ya fita ya fita, ba a bin sa gida-gida a gyara. Fara tantance wace cika ce ake yi wa biki. Hukumar NCC, mai kula da harkar sadarwa a Najeriya, an kafa ta a 1992. Gwanjon lasisin GSM a watan Janairu na 2001 aka yi shi, amma sai watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki, Glo kuma ta shigo a 2003. NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, ta samu a 1985, lokacin da aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da sadarwa, wato P&T, aikin wasiƙa ya koma hannun hukumar gidan waya, NIPOST. In kuma bikin na duniya ne, Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, an kafa ta a birnin Faris ranar 17 ga Mayu, 1865, shi ya sa ake bikin ranar sadarwa a wannan rana. Masu zane kan rikita ta da 9 ga Oktoba, wadda ranar gidan waya ce, ta ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, da aka kafa a 1874.

Shekarar da ka zaɓa ita za ta faɗa maka irin wayar da za ka zana. A 2001 wayar shafa ba ta yaɗu ba. Masu maɓallai ne da ɗan ƙaramin allo, wasu da ɗan tsinin eriya a ka. In zamanin NITEL ne, wayar girke ce mai igiya, kuma ɗan Sakkwato zai ji daɗin ganin 060 a gefe, lambar da ake fara bugawa kafin a samu garin. Tauraron ɗan'adam yana da kyau a zane, amma kiran GSM ta turaku yake bi. Ajiye shi sai ranar da za a tuna da NigComSat, tauraron sadarwar Najeriya, wanda aka harba na farko a 2007.

Sai kwaso hoto daga intanet. Wannan har manya ya kayar. A 2010 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki mai fuskar mutum-mutumin 'yanci na New York, ashe hoton na kwaikwayonsa ne da ke gaban wani otal a Las Vegas. Wanda ya sassaƙa na kwaikwayon ya kai ƙara, a 2018 kotu ta ce a biya shi kusan dala miliyan 3.5. Fita da kyamararka ka ɗauki turken da ke unguwarku, ko ka zana da hannunka. In fuskar mutum ce, nemi izininsa a rubuce. Tambarin kamfanonin waya kuwa bar shi gaba ɗaya, har da launukan da aka san su da su, kada kan sarkin ƙasa ya koma talla.

Rubutu ma yana da ƙa'ida. Dokar UPU ta ce sunan ƙasa ya fito da haruffan boko, tare da kuɗin kan sarkin. Birtaniya kaɗai ce ba ta sa suna, don ita ta fara fitar da kan sarki a 1840. Saboda haka "Nigeria" za a rubuta, ko da zanen na Sakkwato ne zalla. Kuɗin ba kai za ka yanke ba, NIPOST ce, don haka bar masa gurbi a fili. In za ka sa Hausa, zaɓi salon haruffan da ke da ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba wurin bugu sai su koma 'yan akwatuna. In ajami ne, kai wa malamin da ya iya ya duba maka, domin wasu manhajojin zane suna wargaza haruffan su juya su baibai, mai zanen bai ma lura ba.

Launi yana yaudara. Kwamfuta da haske take haɗa launi, wato RGB, injin bugu kuwa da tawada huɗu, CMYK. Jan nan mai zurfi irin na jimammiyar fatar akuyar Sakkwato yakan fito kamar ƙasa-ƙasa in ba ka juya fayil ɗin tun farko ka buga gwaji ba. Siraran layuka, irin da'irorin da ake zanawa suna fita daga turke, sukan ɓace. Kaurara su ka rage yawansu.

Kada ka kai rubutu bakin gefe. Haƙoran kan sarki suna cin wuri, kuma injin huda yakan ɗan goce, don haka ja sunan ƙasa da kuɗin ciki kamar milimita 2, launin baya kuma ya zarce layin yanka. Ka tuna za a doka masa hatimi da baƙar tawada. In bayan zanen ya yi duhu sosai, ranar da ke jikin hatimin ba za ta karantu ba, ma'aikacin gidan waya kuma da ita yake aiki. Ɗauki gwajin da ka buga, ka doka masa hatimin ofis ko na shago a gefe ɗaya, ka duba ko fuskar mai albasar da shekarun 2001 da 2026 suna nan a fili.